Alhazan ƙasa da masu fiton Bahar Maliya

 Makon jiya, bayan shirin dare da muka yi a kan tafiye-tafiye, wata tsohuwa daga wani ƙauye nan kusa ta sa jikanta ya aiko mana da saƙon murya. Ga abin da ta ce, yadda ta faɗe shi:

«Ɗana, ku da kunka yi lakkwal, ku bincika muna. Wan babanmu ya tashi zamanin Nasara, shi da matatai da ɗiya biyu da jaki guda, ya ce Makka za shi. Labari na ƙarshe da munka samu, wani alhaji ya gane su ƙasar Sudan suna tsintar kaɗa, suna tara kuɗin jirgi. Daga nan shiru, har yau.»

To Inna, mun ji, kuma mun zauna a kan maganar. Abin da muka kawo miki yau shi ne labarin hanyar da ya bi, da abin da ke jiran duk wanda ya tara kuɗin jirgin nan ya isa bakin ruwa. Ku ma sauran jama'a ku karanta da haƙuri, don zancen ya shafi yaran da ke tashi daga gidajenmu bana.

Mu fara da kanmu. Mu mutanen tudu ne. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya mai zurfi da ake ja da raƙumi ko sa, sai tabkin damina da ke ƙafewa kafin sanyi ya wuce. Mutumin Korahane ba ka cutar shi a kan rago. Ya duba haƙori, ya taɓa gadon baya, ya gaya maka kuɗinsa. Ka sake shi cikin dajin Tarka da dare, taurari sun ishe shi ya koma gida. Amma ka kai shi bakin teku, duk wannan sani ya ƙare. Bai san jirgin da ke ɗaukar mutum 30 da wanda ke ɗaukar 100 ba. Bai iya iyo ba. In aka nuna masa wani baƙin layi can nesa aka ce ƙasar Larabawa ce, ba shi da abin da zai gwada maganar da shi. Ku riƙe wannan, don a kansa aka gina duk cutar da za mu ba da labari.

Alhazan ƙasa, wato masu tafiya Makka da ƙafa, hanya biyu suka fi bi daga wajenmu. Wasu su yi Damagaram, su nufi Gigimi, su zagaya tafkin Cadi ta arewa, su ratsa Kanem. Wasu su gangara Katsina da Kano, su yi Barno, su bi Dikwa zuwa Kusuri, inda suke fara gamuwa da masu fito, don sai da kwalekwale ake ƙetarawa zuwa For-Lami, wato Njamena ta yau. Duk hanyoyin suna haɗuwa wajen Ati da Abeshe, a shiga Darfur ta Jinena, a wuce Fashir, a isa Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1912. Mai hali ya hau jirgi. Marar hali ya ci gaba da taka sayyada.

Tafiyar shekaru ce. Mutum ya yi damina a nan ya noma gonar wani, ya sayar da jakinsa can, matarsa ta haihu a hanya, yaron da aka goya daga gida ya isa Sudan yana kiwo. Kuma ba ibada kaɗai ke tayar da mutane ba. Akwai yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Akwai kuɗin lanho da aikin tilas na kumandan, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Kafin su duka akwai babbar hijira ta 1903, lokacin da Sarkin Musulmi Attahiru ya bar Sakkwato ya nufi gabas da jama'a mai yawa, Ingilishi suka tare shi a Burmi suka kashe shi cikin watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka saura, har suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, garin da ake kira Mai Wurno har gobe. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, sai aiki ya samu, ƴan uwanmu suka zama hannun da ke tsintar audugar. Can ne alhajin nan ya ga wan baban Inna.

Daga Jazira saura ruwa. Ƙofar ruwan kuwa ita ce Sawakin.

Sawakin tsibiri ne ɗan ƙarami, kewayayye kamar faifai, a cikin wani lungu na Bahar Maliya. Gidajensa benaye ne da aka gina da dutsen murjani da ake sarowa daga teku. Turkawan Usmaniyya sun riƙe shi tun ƙarni na 16, ya koma hannun Masar a 1865, daga baya aka yi masa ɗan dogon gini da ya haɗa shi da gaɓa. Da Ingilishi suka buɗe sabuwar tashar Fot Sudan a 1909, fatake suka kwashe suka koma can, benayen suka fara zubewa. Abu guda aka bar wa Sawakin: alhazai. Daga nan zuwa Jidda wajen kilomita 300 ne. Mutumin da ya taka dubban kilomita da ƙafarsa, wannan ɗan guntun da ya rage ne ba ya iya yi da kansa, dole ya sa ransa a hannun wani.

Cutar alhaji a wannan ruwa ta girmi Nasara nesa ba kusa ba. A 1183 wani malamin Andalus, Ibn Jubair, ya ƙetara daga tashar Aizab, arewa da Sawakin, ya rubuta abin da ya gani. Jiragen wancan zamani babu ƙusa ko ɗaya a jikinsu, da igiyar ɓawon kwakwa ake ɗinke katakan. Ya ce masu jiragen suna cusa alhazai wani a kan wani, don mai jirgi na son ya fid da kuɗin da ya kashe wajen ƙera shi a fito guda, abin da ya faru bayan nan bai dame shi ba. Ya kuma ba da labarin masu dawowa daga Jidda waɗanda iska ke kaiwa wata gaɓa can kudu cikin hamada. Sai mutanen wurin su ba su hayar raƙuma, su bi da su hanyar da babu ruwa, wanda ƙishirwa ta kashe a kwashe kayansa. Shekara 800 da ɗoriya ke nan, amma duk wanda ya taɓa ganin yadda ake loda Hilux a Agadas ya gane lissafin mai jirgin nan.

Abin da ya sake a zamanin Nasara shi ne takarda. A 1865 amai da zawo ya ɓarke a Makka lokacin aikin hajji, ya kashe dubban alhazai, masu komawa gida suka kai shi Masar, daga can ya shiga Turai. Tun daga nan ƙasashen Turai suka sa wa hajji ido. Aka kafa wuraren killace alhazai, irin na tsibirin Kamaran a kudu da na Tur a Sina'i. A Sudan, Ingilishi suka ce duk alhajin da zai ƙetara sai ta Sawakin. A can za a yi masa shaushawa, a tsare shi kwanaki a karantin, ya nuna takardar tafiya, ya biya kuɗin karantin, ya sayi tikitin babban jirgi mai hayaƙi na zuwa da dawowa. A ɗaya gefen kuma, Sarki Abdul'aziz da ya karɓe Hijaz a 1924 zuwa 1925 yana jiran nasa kuɗin shiga, don kafin man fetur kuɗin alhazai ne babban abin da masarautar ke ci. Faransa ma a nata ɓangaren tana son fasfo da ajiyar kuɗin dawowa kafin ta bar talakanta ya fita.

Mu faɗi gaskiya, dokar tana da dalilinta. Amai da zawo da agana ba wasa ba ne, kuma hukumomi sun gaji da alhazan da ke maƙalewa a Jidda babu kuɗin komawa. Amma ku dubi abin daga wajen mutumin da ke tsintar auduga. Ya bar gida ne yana gudun kumandan, ina zai samu fasfon kumandan? Shi da mata da ƴaƴa huɗu, kowane kai da kuɗinsa. Tikitin dawowa kuma, shi da bai ma yanke ranar dawowa ba, wata ƙila niyyarsa ya zauna Madina har Allah ya karɓi abinsa. In ya bi ƙa'ida, sai ya ƙara shekara biyu ko uku a gona. Ga tsufa na matsowa. Ana cikin haka sai wani ya raɓo shi da yamma ya ce akwai hanya mai sauƙi.

Hanyar mai sauƙi ita ce sambuk, jirgin katako mai tafiya da iska, irin na masunta da ƴan fasa-ƙwauri. Mafi yawan masu binta sukan bar Sudan ta Kasala su shiga Eritiriya, wadda ke hannun Italiya daga 1890 zuwa 1941, su gangara Masawa, ko su ɓoye a wani lungu na gaɓar da babu jandarma. Wani masanin tarihi, Jonathan Miran, ya bi takardun wancan zamani ya fitar da bincike a 2015, inda ya nuna cewa tsakanin shekarun 1920 da na 1950 dubun-dubatar ƴan Afirka ta Yamma ne suka ƙetara ta wannan ɓarauniyar hanya. Ba ƴan tsiraru ba ne. A shekaru da dama, ita ce hanyar talaka.

Yanzu ku dubi taswira in kuna da ita a waya. Gaban Masawa akwai tarin tsibiran Dahlak, sun fi 100, kaɗan ne daga cikinsu ke da mutane ko ruwan sha. A ɗaya gefen, gaban Jizan, akwai tsibiran Farasan. Tsakaninsu duwatsun murjani ne birjik a ƙarƙashin ruwa. Mai sambuk ya san kowane lungu a nan kamar yadda makiyayi ya san rijiyoyin Tarka. Fasinjansa kuwa ranar ce ya fara ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa.

Kuɗi ana biya ne tun a tudu, kafin a taka jirgi. Daga lokacin da kuɗin ya shiga aljihu, alhaji ya zama kaya mai nauyi da haɗari, don in ƴan sintiri suka kama jirgin da shi a ciki, mai jirgi ne zai yi asara. Ana tashi da dare. Ana loda mutane fiye da kima. Ruwan sha kaɗan ake ɗauka, don gurbin tulu gurbin mutum ne mai biya. In iska ta yi kyau, kwana kaɗan an ƙetare. In ta tsaya, jirgi ya tsaya cak a tsakiyar teku cikin zafin da ya fi na watan bazararmu, yara da tsofaffi su fara mutuwa.

Wanda ya yi sa'a an kai shi ƙasar Larabawa, amma ba Jidda ba. Can kudu ake zubar da su, wajen Kunfuda ko Jizan ko Midi ta ƙasar Yaman, inda idon hukuma bai kai ba. Daga Jizan zuwa Makka ya fi kilomita 600, a cikin rairayin Tihama. Sau da yawa ma jirgin ba ya matsawa gaɓa, sai a ce su dira cikin ruwa su ƙarasa da ƙafa, da goyo da ƙunshin kaya a kai, mutanen da ba su iya iyo ba.

Wanda bai yi sa'a ba, shi ne wanda labarinsa ya fi tsaya mana a rai. A kai jirgi bakin wani tsibiri cikin duhu, a ce an iso, ku sauka ku yi gabas, gari na nan gaba kaɗan. Mutane su sauka suna kabbara, wasu su yi sujada a kan rairayi don sun taka ƙasa mai tsarki. Jirgi ya juya. Gari ya waye, su yi tafiyar awa ɗaya su tarar da ruwa a gabansu. Su juya hagu, ruwa. Babu rijiya, babu inuwa. In Allah ya kawo masunta ko jirgin sintiri cikin kwana biyu ko uku, a samu masu sauran numfashi, kuma daga bakin irinsu ne labarin ya fito. In bai kawo ba, shi ke nan. A gida kuwa ana nan ana cewa wane yana Makka, ya zama ɗan Takari, ya manta da mu.

Akwai kuma waɗanda aka ƙetarar lafiya don su ne hajar. Cinikin bayi bai mutu ba a Hijaz a lokacin. Yaran da suka zo tare da alhazai, musamman waɗanda iyayensu suka mutu a hanya ko aka ba wani amanarsu ya kai su karatu, da yawa sun ƙare a gidajen mutane a matsayin bayi. Wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya ba shi da suna a littafin kowa, saboda haka babu mai neman sa. Yarjejeniyar Jidda ta 1927 ta bar wa ofishin jakadancin Ingila ikon ƴanta bawan da ya gudo wurinsu, aka yi ta yin haka har 1936, kuma cikin waɗanda aka ƴanta akwai mutanen ƙasashenmu da aka kawo tun suna yara. A 1955 wani ɗan majalisar Tarayyar Faransa, Emmanuel La Gravière, ya zagaya Afirka ta Yamma yana bincike, ya kai rahoton cewa har lokacin ana yaudarar mutane da sunan hajji a sayar da su. Sa'udiyya ba ta haramta bauta ba sai 1962. Jamhuriyar Nijar na da shekara biyu ke nan da samun ƴancin kai. Iyayen wasunmu sun yi wayo a lokacin.

Ga wurin da zancen ke da ɗaci, kuma ba za mu tsallake shi ba. Mai sambuk ba ya jin Hausa. Ba shi ne ke shiga zangon alhazai a Gadarif ko Kasala ya zauna kan tabarma ya sha fura da su ba. Wanda ke yin wannan namu ne: Bahaushe ko Bafillace ko Babarbare da ya riga su zuwa, ya iya Larabci, ya san mai jirgi, yana da kamashonsa a kan kowane kai. Yana kiran ka ɗan uwa, ya tambaye ka labarin garinku, ya ce ai kakarsa ma Bagobira ce. Da shi ake ajiye kuɗi. A cikin masu masaukin nan akwai mutanen kirki da yawa, waɗanda suka ciyar da baƙi shekara da shekaru, suka binne matattun da ba nasu ba, kuma ba don su ba da hanyar ba ta biyu ba. Amma amanar da na kirkin suka gina, ita ce maciyin amana ya ci kasuwa da ita. Baƙo ba ya iya rarrabe su, rigarsu ɗaya, gaisuwarsu ɗaya.

Mu a lakkwal an koya mana Magellan da Christophe Colomb, mun haddace sunayen jiragensu don jarrabawa. Ba mu taɓa jin mushe ya ambaci Sawakin ba, tashar da kakanninmu suka yi shekaru suna tafiya don su isa. Wannan a gefe.

Hanyar ƙasa ta fara ja baya ne da zuwan mota da jirgin sama. A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da ake kira WAPA, suna kai mutane da manyan motoci, daga baya da jirgin sama. Ku da ke zuwa Kano canjin sefa a Wapa ta Fagge, daga nan sunan ya samo asali. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni, ta koma ta awa biyar. Amma jirgin sama na mai kuɗi ne, saboda haka talaka ya ci gaba da bin ƙasa shekaru da yawa bayan nan.

Yanzu sai wani ya ce, to wannan ai tarihi ne, ya wuce. Bari mu juya fuska daga gabas mu dubi arewa.

Akwai wani ɗan tsibiri na Italiya da ake kira Lampedusa, wajen kilomita 300 daga gaɓar Libiya. Ranar 3 ga Oktoba 2013 wani jirgin masunta da ya taso daga Libiya da mutum wajen 500 ya kama wuta ya kife ana hango tsibirin, mutum sama da 360 suka mutu. Yawancinsu ƴan Eritiriya ne, wato jikokin mutanen gaɓar da alhazanmu ke tashi daga cikinta. A cikin wannan watan dai aka tsinci gawa 92 a hamadarmu, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, galibi mata da yara, bayan motocinsu sun lalace direbobi suka tafi suka bar su. Waɗannan namu ne, mun yi ta karanta labarin a radiyo har muryarmu ta dushe.

Gaskiya ne ƴan Nijar ba su cika shiga teku ba. Namu yaran aikin gini da lambu da gadi suke yi a Sabha da Tarabulus su dawo da damina. Amma suna kwana ɗaki ɗaya da masu shiga, kuma kun san yadda zance ke shiga kunnen yaro ɗan shekara 20 da aka hana shi kuɗin aikinsa na wata shida. Ku tambayi waɗanda suka dawo yadda ake yi a Zuwara da Sabrata. Ana biya tun a tudu. Ana tashi da dare. Jirgin roba ne da ake hura wa iska, a loda masa mutum sama da 100. Mai jirgin ba ya shiga, sai ya zaɓi ɗaya cikin fasinja ya nuna masa yadda ake riƙe inji, ya yafe masa kuɗin fito. Man da aka zuba ba ya kaiwa. Ana gaya wa mutane cewa ruwan bai fi gulbi ba, awa kaɗan an ƙetare. Masu aikin ceto a tekun sun sha ba da labarin waɗanda aka nuna wa fitilun rijiyoyin man fetur da ke cikin teku aka ce musu Italiya ke nan. Wanda kuɗinsa bai cika ba kuwa, akwai abin da ake kira gidan bashi, da Hausa ake faɗin sunan har a cikin Libiya, inda ake tsare mutum ana dukan sa ana kiran iyayensa a waya su aiko. A ƙarshen 2017 duniya ta ga bidiyon da CNN ta fitar ana gwanjon mutane a Libiya.

A 2015 gwamnati ta yi dokar nan mai lamba 2015-36 da ta haramta jigilar baƙin haure. Motoci ba su daina tafiya ba, sai dai suka bar babbar hanya mai rijiyoyi suka koma bin inda babu sojoji kuma babu ruwa, kuɗin tafiya ya ƙaru. Hukumomin soja suka soke dokar a watan Nuwamba 2023. Kowa na da ra'ayinsa a kan wannan, kuma mun sha jin ku a layi. Mu dai da muka karanta labarin Sawakin da Masawa, mun ga abin da muka riga muka sani: ranar da aka tsananta ƙofar Sawakin, ranar masu sambuk suka samu kasuwa.

Hajjin ma kansa bai tsira ba. Kujera yanzu ta haura miliyan 3 na sefa, manomin hatsi ya sayar da me? Sai ka ji an ce akwai wani mai hanya, zai fitar maka da bizar ziyara a rabin kuɗi, in ka shiga sai ka laɓe har ranar Arfa. A hajjin 2024, da zafi ya tsananta, hukumomin Sa'udiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin aikin hajji. Marar izini ba shi da tanti mai sanyi, ba shi da motar alhazai, yana tsoron zuwa likita kar a kama shi, sai ya yi ta tafiya a rana. Masar ta ƙwace lasisin kamfanoni 16 a kan wannan. A nan gida, mu da kanmu mun raka wani dattijo ɗan uwanmu har Maradi neman mutumin da ya karɓi kuɗin shanunsa biyu da sunan umra. Mun tarar da shago a rufe, lambar waya ba ta shiga. Wanda ya haɗa su kuwa ɗan garinsu ne, tare suke sallar Juma'a. Hukumar COHO ce ke kula da hajji da umra a ƙasar nan, kuma ajans da ba ta cikin waɗanda ta amince da su, kar ku ba ta ko dala, ko da limamin unguwa ne ya kawo ta. Ku karɓi takardar shaidar biya mai hatimi, ku sa ɗan lakkwal ya karanta muku ita kafin ku bar wurin.

Sawakin na nan har yanzu. Tsibirin kusan duk kufai ne, ko da yake a ƙarshen 2017 Sudan ta ba Turkiyya damar gyara shi. Kusa da shi akwai tashar da manyan jiragen fasinja da na dabbobi ke tashi zuwa Jidda. A watan Yuni 2022 wani jirgi ya nutse a tashar da tumaki sama da 15,000, alhali 9,000 aka yi shi ya ɗauka. Mutanen ciki sun tsira, tumakin ne suka tafi.

Inna, mu dawo gare ki. Ba duk wanda ya yi shiru ne ruwa ya ci ba. Da yawa cikin masu tara kuɗin jirgi ba su taɓa isa bakin ruwan ba. Bana a ce sai baɗi, baɗi a yi haihuwa ko rashin lafiya ko auduga ta ƙi, har mutum ya tsufa a Jazira yana kiran kansa matafiyi. Jikokinsu na nan a Mai Wurno da Madani da Gadarif da Kasala da Damazin, suna jin Hausa, Larabawan Sudan na kiran su Fallata, wasunsu har yau sun riƙe sunan ƙauyen da kakansu ya fito. Suna cikin wahala yanzu, don yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023 ya bi ta garuruwansu, ya tarwatsa da yawa. Amma suna da waya, suna kan Facebook, kuma wasunsu na karanta wannan shafi.

Saboda haka ga abin da za mu yi. Duk gidan da ke da wanda ya tafi hajjin ƙasa bai dawo ba, a aiko mana ta akwatin saƙo da sunansa da na mahaifinsa, da ƙauyen da ya tashi, da zamanin wane sarki ko wace yunwa ya tafi, da wurin da aka yi masa ganin ƙarshe. Kar a rubuta lambar waya a fili a ƙarƙashin wannan rubutu. Za mu karanta sunayen a shirin dare na mako mai zuwa, mu sa muryar a nan don ƴan uwanmu na Sudan da na Makka su ji. Na wan baban Inna za mu fara karantawa.